Sababi, Kare Mai 'Ya'ya a Kowace Unguwa

An yi wani kare a gidanmu mai suna Sababi. Ja ne, dogo, ƙafarsa ta gaba guda fara fat kamar ya taka gari. Duk garinmu babu karen da ya kai shi girman kai. In yana tafiya a hanya, sai ka ce shi ya share ta.

Tare da shi akwai wata karya, Goshi, mai haƙuri. Ba ta faɗa, ba ta haushin banza. In ka ji muryarta, to lallai akwai baƙo a bakin danga.

Na ukunsu taure ne, wato bunsurun da aka fiɗiye tun yana ƙarami. Gemu muke ce masa. Aikinsa a duniya biyu ne, tuƙa da tsokana.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shi ya rene su duka. Lambu yake yi a bakin rafi, karnukan suna yi masa gadi. Gemu kuwa uwarsa ta mutu ta bar shi ko tsayuwa bai iya ba, Malam ya shayar da shi madara a kwalba, ya kuma hana a sayar da shi ko a yanka.

Da Malam ya rasu, 'ya'yanmu kowa yana gidansa, sai gida ya rage daga ni sai su ukun nan. Kada ku tambaye ni yadda aka yi nake jin maganarsu. Wanda ya daɗe yana cin tuwo shi kaɗai a tsakar gida, dabbobi na kewaye da shi, kunnensa yakan buɗe.

A kwanakin zaman makoki, Sababi ya kwanta a ƙofar ɗakin Malam ya ƙi cin komai, har sai da na ji tsoron zai bi shi. Tun daga nan, duk rashin jinsa, ba na son abin da zai raba ni da shi.

Damuwarmu a gidan ita ce haihuwa. Sau biyu a shekara Goshi take zuba kwiyakwiyai. Lokacin Malam, abokansa mafarauta da masu gadi suke zuwa su karɓe. Ni kuwa wa na sani? Sai in zuba su a kwando in yi ta bin gidaje, ana ce mini, "Inna, a kai gaba, mu ma namu sun ishe mu." Waɗansu su rayu, waɗansu su mutu a gabana. Goshi ta rame har haƙarƙarinta ya fito, gashinta ya fara zubewa.

Sababi kuma ba ya zama. Da lokacin barbara ya zo, sai ya ɓace kwana da kwanaki, ya dawo da cizo a wuya, maƙwabta su biyo shi da ƙara.

Wata ranar kasuwa, likitar dabbobi ta zo gindin tsamiya tana yi wa karnuka allurar rigakafin hauka. Likita Asabe ake kiranta, yarinya ce mai fara'a. Na ja su biyun na kai mata.

Ta shafa bayan Goshi ta ce, "Inna, wannan karyar taki haihuwa ta cinye ta."

Na ce, "To ya zan yi, 'yar nan? Ba ni nake aikenta ba."

Ta yi dariya. Ta ce akwai aikin da suke yi wa karnuka, mace da namiji, wanda zai tsayar da haihuwa. Macen ta huta ta yi jiki, namijin ya rage yawo da faɗa.

Na ce, "Irin na awaki? A dandaƙe dabba da guduma tana ihu? Ba da ni ba."

"A'a, Inna. Allurar barci za mu yi musu, ba za su san an yi ba. Su farka da ɗan ɗinki, su ɗan yi jinya, shi ke nan."

Na ce ta bari in yi shawara. Na je na tambayi malamin unguwarmu, ya ce in dai don a sauƙaƙa wa dabba ne, ba don a azabtar da ita ba, shi bai ga laifi ba. Sai na aika wa likita cewa kasuwa mai zuwa zan kawo su.

Ashe duk abin nan a kunnensu. Da yamma ina tsintar wake a gindin mangwaro, sai rigima ta tashi.

Goshi ce ta fara. Ta ce, "Ni kam na gode Allah. Na gaji. Kowace haihuwa sai na binne rabi."

Sababi ya miƙe zumbur, gashin bayansa a tsaye. "Ke kika gaji! Ni? Ni Sababi za a kai wa wuƙa? Ku je Unguwar Maƙera, ku je bayan tasha, ku je kwata wurin mahauta. Duk kwikwiyon da kuka gani da farar ƙafa, jinina ne. Garin nan kaf nawa ne!"

Gemu ya ɗago kai yana tuƙa. "Ranka ya daɗe, Sarkin Fararen Ƙafa. Allah ya ƙara yawan talakawa."

"Rufe mana baki, tulun kitse! Ai kai ne babbar shaida. Don me ake fiɗiye ɗan akuya?"

"Faɗa mana, malam."

"Don ya yi ƙiba! Don me ake son ya yi ƙiba? Don tukunya! Kuna zaton ban san abin da ake shiryawa ba? Yau a fiɗiye mu, gobe mu yi kitse, Sallah na zuwa a kwantar da mu."

Goshi ta ce, "Haba, Sababi. Tun da kake, wa ka taɓa gani ya ci kare a gidan nan?"

"Nama ya yi tsada. Ba ki ji Inna tana faɗa ba?"

"To shi Gemu shekara nawa da fiɗiye shi? Ga shi nan yana tuƙa."

"Ana jira ya ƙara ne!"

Da Gemu ya ga wuta ta kama, sai ya ƙara mata kara. Ya runtse ido ya ce, "Ni dai ba na son tsegumi. Amma jiya na ga Inna tana dakan yaji. Turmi guda cur."

Idon Sababi ya fito. Goshi ta ce, "Gemu, ka ji tsoron Allah." Gemu ya juya baya yana kaɗa ɗan guntun bindinsa.

Ranar kasuwa da safe na ɗaure su biyun a turke, na shiga ɗaki ɗauko mayafi. Kafin in fito, Sababi ya tauna igiya, ya tsallake danga, sai ƙurarsa na hango. Na yi ta kira, ko waiwaye bai yi ba.

Haka na tafi da Goshi ita kaɗai.

Da la'asar na dawo da ita, cikinta da ɗan ɗinki, tana tangaɗi kamar mai jin barci. Likita ta huda gindin wata robar wanki ta zura mata a wuya, don kada ta lashe wurin. In tana tafiya, robar ta bugi ƙofa, ta bugi turmi, ta bugi Gemu.

Bayan kwana kaɗan sai ga Sababi ya leƙo ta kafar danga. Da ya ga Goshi, ya faɗi ƙasa yana birgima don dariya.

"Wayyo cikina! Goshi, har an sa ki a kwano tun ba a dafa ki ba?"

Goshi ta ce, "Yi dariyarka. Ina kake kwana?"

"A kwata, inda ake yanka shanu. Can ni ne sarki. Ƙashi sai na zaɓa. Ke kuwa zauna nan ki yi ta cin ƙanzo, ki yi musu kitse."

"Inna tana ajiye maka kwanonka. Kullum sai ta wanke shi."

"Ta ba kaji su sha ruwa a ciki."

Ya tafi yana ɗaga farar ƙafarsa ɗai-ɗai.

Gaskiya ne, a lokacin shi ne sarkin kwata. Ya fi duk karen da ke wurin ƙarfi. In mahauci ya jefo ƙashi, babu mai matsowa sai ya ci ya bari. Lokacin barbara kuma ya zaga unguwannin gari son ransa, babu igiya, babu mai kira.

Goshi kuwa ta warke sarai. Aka cire mata roba, gashinta ya dawo yana sheƙi, haƙarƙari ya ɓuya. Ta koma wasa kamar kwikwiyo. Kullum da safe tana gabana zuwa lambu, ta kori awakin mutane daga latas, ta kwanta a inuwar gwaba tana kallona ina ban ruwa. Na daɗe ban ji daɗin lambun nan kamar lokacin ba. Abu ɗaya ne ya rage mini. In na zo rabon abinci, sai hannuna ya kai ga kwano na biyu.

Aka yi damina, aka yi kaka, Babbar Sallah ta zo. Maƙwabta suka aiko mini da nama. Ina tsakar gida ina suya, Goshi tana gefe tana gwaguyar ƙashin rago, Gemu ya tusa kai a dusa. Sai na ga farar ƙafa a kafar danga.

Sababi ne. Ya zo ganin yadda za a yanka su. Ya ɗan faɗa, akwai sabon tabo a hancinsa.

Ya dubi Goshi, ya dubi Gemu, ya dubi kaskon suya. Ya ce, "Ba a yanka ku ba?"

Gemu ya ce, "An ɗaga sai baɗi, ranka ya daɗe. Wai ba mu gama ƙiba ba."

Goshi ta ce, "Kada ka saurare shi. Sababi, ka gani da idonka. Shigo gida. Kwatar lafiya kuwa? Na ga ka rame."

"Ramewa? Motsa jiki ne. Jama'ata ce ta ƙaru, mulki sai da ɗawainiya."

Na ɗauko kwanonsa na sa ƙashi mai tsoka, na ajiye a bakin ƙofa. Na ce, "Sababi, zo. Zo ka ci, ɗan Malam."

Ya tako har kusa. Miyau na zuba daga bakinsa. Saura kaɗan hancinsa ya taɓa kwano, sai Gemu ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, ya ce, "Sarki ya sauko."

Sababi ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya ce, "Na zo gaisuwar Sallah ne kawai. A kwata irin wannan ƙashin yara muke bar wa." Ya juya ya fita.

Ranar nan Gemu bai sami ɓawon ayaba daga hannuna ba.

Abin da ya faru a kwata bayan haka, daga bakin Sababi na ji shi daga baya yana ba Goshi labari, kuma na san ya rage wani abu.

Kwiyakwiyan da ya yi ta bazawa a gari, yawancinsu babu mai su. Duk wanda aka kora daga gida, kwata yake nufa. Suka girma, su ma suka hayayyafa. Shanun da ake yankawa ba su ƙaru ba, amma bakunan da ke jiran ƙashi sun ninka. Mahauta suka gaji, kowa ya ajiye sanda kusa da shi.

Wata rana da hantsi wani mahauci ya jefo ƙashin cinya. Sababi ya taso a hankali yadda ya saba, yana jiran a buɗe masa hanya. Kafin ya kai, wani saurayin kare, ja, mai faɗin ƙirji, ya ɗora ƙafa a kan ƙashin. Ƙafar fara ce fat.

Sababi ya ce, "Kai yaro, ɗauke ƙafarka."

"In na ƙi fa, tsoho?"

"Tsoho? Ka san da wa kake magana? Dubi ƙafarka, ka dubi tawa. Ni ne ubanka!"

Saurayin ya dubi ƙafar, ya juya ya ce wa sauran, "Kun ji? Wai ubanmu ne."

Karnuka suka taso daga ƙarƙashin tebura, daga bayan rariya, daga kan juji. Duk inda Sababi ya juya, farar ƙafa yake gani. Da can in ya ga haka, ƙirjinsa ne yake buɗewa. Ranar nan kuwa ja da baya ya yi.

Wata ramammiya ta ce, "Ashe kai ne. A kwalbati aka haife mu. Ruwa ya tafi da 'yan'uwana ina kallo. Kana ina?"

Wani mai ƙuraje ya ce, "Tun ina kwikwiyo kake ƙwace mini ƙashi a nan wurin. Ban san uba ne yake yi mini ba."

Sababi ya ce, "Ku saurara, 'ya'yana. Girmamawa ita ce..."

Saurayin ya katse shi. "In kai ubanmu ne, me ka kawo mana yau?"

Sababi ya yi gurnani. Sai ya yi abin da ya iya, ya kai cizo.

Suka rufe shi. Ƙura ta tashi, mahauta suka yi ta ihu suna jifa. Da ƙyar ya sami kafa ya fita, rabin kunnensa na hagu a bakin wani, ƙafarsa ta baya tana jan ƙasa.

Duk da haka bai nufo gida ba. Ya ce a ransa, ai yana da gida a kowace unguwa. Ya ja jiki zuwa bayan tasha, inda wata baƙar karya take shayar da sababbin kwiyakwiyai a ƙarƙashin mataccen bas.

Ya ce, "Sannu da jego. Ni ne. Ki ɗan matsa mini in huta."

Ta ce, "Ka zo da abinci?"

"A'a, amma dai ai nawa ne waɗannan."

"Naka ne? To ɗauki rabi ka shayar. In ba za ka iya ba, ɓace mini tun ban ƙarasa ɗaya kunnen ba!"

Ya wuce Unguwar Maƙera. Can kuwa mutane sun riga sun gaji da karnukan da ba su da masu su. Yana shiga lungu aka bi shi da duwatsu. Ya kwana biyu a cikin wani kango, ƙudaje na bin kunnensa, babu ci babu sha.

Ina shara da safe sai na ji Goshi tana wani irin kuka a bakin danga, ba irin na baƙo ba. Na leƙa. Ga Sababi kwance a waje, ya ɗora haɓa a ƙasa. Bai shigo ba, bai kuma dube ni ba.

Goshi ta koma ciki, ta ɗauko ƙanzonta a baki ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Ci. Magana sai anjima."

Gemu ya zo ya tsaya. Na zaci zai yi halinsa. Ya daɗe yana kallon kunnen, har ya daina tuƙa. Can ya ce, "Sababi, yajin nan fa, na jegon 'yar maƙwabta ne. Haihuwa ta yi."

Sababi ya ce a hankali, "Na sani. Tun ranar Sallah na gane."

"To me ya hana ka shigowa?"

"Dariyarka."

Gemu ya sunkuyar da kai ya koma turkensa.

Na tsuguna na ce, "Ka dawo? To shigo, gidanku ne. Amma ka ji da kyau, gobe kasuwa, likita tana nan. Kunnen nan sai an ɗinke, ɗaya aikin ma sai an yi. Ba zan iya yawan nan naka ba, garin ma bai iya ba."

Ya ɗago ido ya dube ni. Ya kaɗa bindi sau ɗaya, ya ja jiki ya shigo.

Washegari ya kasa taka ƙafar. Na roƙi Tanimu mai baro, maƙwabcinmu, muka shimfiɗa buhu muka ɗora shi. Hanyar gindin tsamiya kuwa dole sai ta gaban kwata.

Mahauta suka hango mu. Wani ya ɗaga wuƙa sama ya ce, "Jama'a, a ba da hanya, ga sarkin kwata a mota!" Aka fashe da dariya. Fararen ƙafa suka jeru a bakin rariya suna kallo. Sababi ya tusa kai a ƙarƙashin buhu, bai fito da shi ba har muka isa.

Likita Asabe ta ce, "Inna, wannan ne ɗan gudun hijirar? Sannu da zuwa, maigida." Ta yi masa allura, ya yi barci. Ta wanke ciwon, ta ɗinke abin da ya rage na kunne, ta yi ɗaya aikin.

Kafin ya farka, ta taka zuwa kwata ta yi magana da Sarkin Fawa. Suka shirya cewa duk ranar kasuwa mahauta za su kama mata karnukan wurin kaɗan-kaɗan, ta yi musu rigakafi da aiki. Da mutane suka ji cewa kare ne da ba zai cika musu gida da kwiyakwiyai ba, sai masu lambu da masu shago suka fara zuwa suna ɗauka don gadi. Ba duka aka samar wa gida ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kwata ta yi sauƙi.

A hanyarmu ta komawa, wani ɗan kwikwiyo ya biyo baro. Ƙashi da fata ne, sai manyan idanu, ga 'yar farar ƙafa. Tanimu ya kore shi, ya dawo. Ya sake korarsa, ya sake dawowa. Na ce, "Bar shi, Tanimu. Guda ɗaya dai zan iya." Na sa masa suna Tsintau. Da ya isa, shi ma na kai shi wurin likita.

Yanzu gidanmu lafiya lau. Sababi ya warke, ya yi jiki, sai ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Haushinsa na nan yadda yake, ɓarawon tumatir bai isa ya matso lambu ba. Amma ya daina tsallake danga. Da safe mu huɗu muke tafiya rafi, Gemu ya raka mu bakin ƙofa ya koma.

Girman kan bai tafi duka ba. In kaji suka tambaye shi abin da ya sami kunnensa, cewa yake da kura ya yi dambe a bayan gari, kuma ita ta fi shi jin jiki.

Rannan na zuba musu abinci, na sa wa Sababi ƙashi mai ɓargo. Tsintau ya cinye nasa, ya zo ya tsaya a gaban kwanon Sababi yana lashe baki. Na ɗauko tsintsiya, don na zaci za a yi faɗa.

Sababi ya dubi ƙashin, ya dubi yaron. Sai ya sa hanci ya tura masa, ya koma gefe ya kwanta.

Gemu ya ce, "Iye! Me idona yake gani?"

Sababi ya ce, "Na ƙoshi ne kawai."

Cikinsa ya yi ƙugi, duk tsakar gida aka ji. Babu wanda ya yi dariya, har Gemu. Na shiga madafa na ƙaro masa.

Darasin wannan labari shi ne, yawan abin da ka tara ba abin taƙama ba ne in ba ka iya riƙe shi ba. Sababi ya cika gari da jininsa, amma ranar da ya faɗi, waɗanda ya yi wa dariya ne suka ɗaga shi. Ku kuma yara, in kuna da kare a gida, amana ce a hannunku, shi da duk abin da zai haifa. Ku ciyar da shi, ku yi masa rigakafi, in kuma kun san ba ku da inda za ku kai kwiyakwiyai, ku gaya wa manya a kai shi wurin likitan dabbobi tun da wuri. Ɗan ɗinkin nan yana warkewa da sauri. Yunwar kwikwiyon da aka yar a juji ita ce ba ta da mai magani.